Komawa ga sandar majoret bayan haura shekara arba'in

Duk wadda ta yi majoret, wato wasan juya sanda na 'yan mata a fareti, a lise (sakandare) nan Garwa ta Kamaru, ta taka faretin 11 ga Fabrairu (ranar matasa) ko na 20 ga Mayu (ranar ƙasa) a gaban 'yan fanfar, masu busa da ganguna, yatsunta ba su manta sanda ba. Da na sake ɗaukarta bayan na haura arba'in, abin da na tarar shi ne yatsu na son saurin da, kafaɗa da wuyan hannu kuwa sun ce ba su san zancen ba. A nan ake jin ciwo, don haka a nan zan fi tsayawa.

Sandar ƙuruciya ki bar wa yara, ta yi miki gajarta. Miƙe hannu gefe, a auna daga hammata zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya, tsawon sandarki ke nan. Ga yawancin manyan mata yakan faɗa wajen santimita 70 zuwa 75. Ƙarfen kaurinsa milimita 10 ne ko 11, da roba a kowane baki, babba a kai, ƙarama a gindi. In mai walda ne zai yanka miki, ɗora ta a kan ɗan yatsa kafin ki biya: dole ta tsaya daidai a tsakiya. Wadda ta rinjaya gefe guda ba za ta taɓa juyawa sumul a sama ba, komai gwanintarki. Ni nakan naɗa salatif baƙi a tsakiyar, don riƙo da kuma don ido ya san inda zai cafke.

Kafin in taɓa ta, minti 5 nake ba jiki: juya wuyan hannu sau 10 kowane gefe, juya kafaɗu gaba da baya, buɗe yatsu da dunƙule su. A cire zobe da awarwaro, a ɗaure ɗankwali tamau. Mayafi mai lilo yakan kama robar, sanda ta dawo a fuska.

Juyin lamba 8 shi ne tushe. Riƙe tsakiya, babban yatsa na kallon babbar roba, riƙo sakwa-sakwa tsakanin babban yatsa da manuni, sauran yatsu rakiya kawai suke yi. Kan sandar ya nutsa ta hagunki, ya taso, ya nutsa ta dama, kamar mai kwasar tuwo da mara. Wuyan hannu ne ke aikin. In kika ga gwiwar hannu na tashi tana sauka, ko kafaɗa ta fara zafi, to kin damƙe sandar da ƙarfi ne, ƙarfin ya haura sama. Sassauta, rage gudu. Hannun hagu kuma a ba shi ninkin lokacin dama, duk da haushin da yake ba mutum.

Jifa sama sai bayan makonni, in lamba 8 ta zauna a hannu biyu. Sandar ta mirgina bisa babban yatsa, ki ɗaga hannu kaɗan ki sake ta, juyi ɗaya tak, kada ta wuce kai da yawa. Ki kafe ido a kan salatif ɗin, ki tare da tafin hannu yana kallon sama. In tana gudu gaba, hannun ne kike turawa maimakon ɗagawa. In tana rawa a iska, ba daga tsakiya ta bar hannu ba. Wadda ta kuɓuce kuwa a matsa mata ta faɗi. Wawurar bakin sanda ita ke targaɗa yatsa. A yi a kan yashi ko tabarma, siminti na cinye roba, kuma ba a ɗaki mai fanka ba.

Yanayinmu ma da nasa. A Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, ƙarfen da ya sha rana ba ya riƙuwa, gumi kuma na sa santsi. Ni bayan sallar asuba nake yi, da tsumma a kusa. Da hunturu fata na tsagewa, amma man kaɗanya da dare ake shafa shi, ba dab da wasa ba.

Minti 15 kullum ya fi mini awa biyu ranar Lahadi. A haka sagewar kafaɗa ta ragu, tsayuwata ta miƙe, hagu ya koyi aiki. Abin da ban zata ba shi ne hutun kai: ba a lissafin cefane da kuɗin makaranta sanda na sama, hankali dole ya taru wuri guda. Masu cewa wasan yara ne, su sani tun 1980 ake gasar duniya a kansa.

Juyawar jiki a ƙarƙashin sandar da aka jefa, wadda muke taƙama da ita a da, ita ce ta ƙarshe da za ki dawo da ita, domin jiri ya fi saurin kama babba. Mai hawan jini ko tsohon ciwon kafaɗa ta fara jin ta bakin likita, kafin nan ta tsaya a juyin da ba ya wuce ƙirji.