Farautar Taska Tsakanin Littafi da Jirgi Mai Saukar Ungulu

A cikin shirye-shiryen gasa na talabijin da na taɓa kallo, babu wanda ya zauna mini a rai kamar La Chasse aux trésors, wato farautar taska, wanda tashar Antenne 2 ta Faransa ta nuna daga 1981 zuwa 1984. Jacques Antoine ne ya ƙirƙiro shi, mutumin da daga baya ya fito da shirin gasar Fort Boyard a 1990. Ban riski shirin a zamaninsa ba, tsofaffin faya-fayansa na tarar a intanet, amma duk da dusashewar hoton sai da na kasa ɗauke ido.

Ana zaunar da masu gasa biyu a situdiyo a birnin Paris, littattafai da taswirori kewaye da su, a miƙa musu kacici-kacici game da wani abu da aka ɓoye a wata ƙasa mai nisa. A can kuwa ɗan jarida Philippe de Dieuleveult ne, sanye da jajayen kaya, yake jiran umarninsu a cikin jirgi mai saukar ungulu. Ba sa ganinsa, muryarsa kaɗai suke ji ta na'urar sadarwa, shi kuma bai san amsar ba, ga lokaci yana ƙurewa. Idan suka yi kuskuren fassara kalma ɗaya, sai ka gan shi ya nufi wani tsauni alhali abin yana bakin teku.

Wannan dogaro da juna shi ne abin da ya fi burge ni. Masu littafi suna da sani amma ba su da ƙafa, mai ƙafa yana ganin wurin amma bai san tarihinsa ba, kuma sau da yawa dukansu sukan cije har sai ya tare wani mutumin gari ya yi tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, kuma a nan na ga haka da idona, domin manomi ko ɗan kasuwan da aka tsayar a hanya yakan warware abin da shafuka masu yawa suka kasa. Ta haka mai kallo yake fahimtar cewa ƙasar da aka je tana da mutane da tarihi, kuma su ne mabuɗin gasar.

Birtaniya ta ari tsarin a 1982 da sunan Treasure Hunt, inda Anneka Rice take shiga jirgin, sai dai yawancin farautar a cikin Birtaniya aka yi ta. The Amazing Race da tashar CBS ta Amurka ta fara a 2001 ya fi zagaya duniya, ga kyautar dala miliyan 1, amma a ganina gaggawa da saɓanin abokan tafiya sun rinjayi sanin wuraren da ake ratsawa.

A watan Agustan 1985, Dieuleveult ya ɓace a Kogin Kongo kusa da madatsar ruwan Inga, a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, yayin wata tafiya ta kwalekwale da ba ta shafi shirin ba. Tun da na san haka, duk sa'ad da na gan shi yana dirowa daga jirgi yana haki, yana gaida mutane kafin ya yi tambaya, sai jikina ya yi sanyi.