Gayyar mutum 32, biyu kaɗai ke noma

Sati uku na yi ina zargin babbar kwamfutar sashenmu da lalaci. Aikina na digiri na biyu shi ne kwaikwayon yadda ƙurar hunturu ke shigowa ɗaki ta taga, da manhajar OpenFOAM. Na yanka ɗakin gida 32, kowace ƙwaƙwalwar kwamfutar ta ɗauki yanki ɗaya, wani tsari da ake kira MPI kuma na kai saƙo tsakaninsu. A lissafina, aikin kwana biyu zai ƙare kafin la'asar. Ina! Da ƙyar ya ragu da rabi.

Na zuba wa lambobi ido har kaina ya ɗau zafi. Sai wani abokin karatuna ya leƙo ya ce, "Malam, buɗe ParaView mana, ka shafa wa kowane yanki launinsa, ka ɗora ƙurar a kai."

ParaView manhaja ce ta mayar da lambobi hoto, kyauta ce, kamfanin Kitware da ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka suka fara ta, ta fito a 2002. Abin da ya saye ni shi ne ɓangarenta da ake kira pvserver: bayanan suna zaune a babbar kwamfutar, can ake zana su, hoto kawai ke iso wa laftof ɗina. Wanda yake auna data kamar gishirin miya ya san darajar wannan.

Da na juya hoton ɗakin da linzamin kwamfuta, sai ga abin fili. Kusan duk ƙwayoyin ƙurar sun cunkushe a yanki biyu, bakin taga da daɓen da ke ƙarƙashinta. Ragar iskar, wato ƙananan gidajen da ake lissafin iska a cikinsu, an raba ta daidai, amma ƙurar ba ruwanta da rabona, inda iska ta kai ta nan take taruwa. Ga shi kuma a kowane mataki na lissafin sai kowace ƙwaƙwalwa ta gama kafin a ci gaba. Tamkar gayya ce, an bar wa mutum biyu kunyar da ke cike da kututture, sauran 30 sun jingina da fartanya suna jira.

Na sake yanka ɗakin, na ƙanƙanta yankunan da ke kusa da taga. Aikin ya yi sauri, ko da yake bai kai yadda na ci buri ba, don ƙurar tana ƙaura in lokaci ya ja. Jiya na nuna wa malamina, ya karɓe linzamin ya yi ta juya ɗakin, har ya manta babi na uku ya kira ni mu duba.