Gwajin wofi ya rushe mini sakamako a kan siginar alfa

Har yanzu in na tuna da jadawalin sakamakon gwajin ganin haske da na yi raina yakan sosu, don kuwa ya yi kyau matuƙa.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. A sa wa mutum hular EEG, mai auna siginar lantarki ta ƙwaƙwalwa, a ɗura masa jel a kowane elektirod, wato ƴan ƙarafan hular da ke ɗauko siginar, a zaunar da shi a ɗaki mai duhu, a riƙa walƙa masa ɗan ɗigon haske a allo. An raunana hasken yadda wani lokaci zai gani, wani lokaci ya wuce shi. Ƙarfin hasken ɗaya ne a kowane karo, amma amsar tana sauyawa. Ke nan bambancin daga cikin kai yake, kuma abin da muke zargi shi ne alfa, kaɗawar siginar ƙwaƙwalwa mai maimaita kanta sau 8 zuwa 12 a sakan, wadda ta fi ƙarfi a ƙeya inda sashen gani yake. Hans Berger ne ya fara bayyana ta a 1929. Ka ce wa mutum ya rufe ido, nan take za ka ga layukan O1 da Oz da O2, wato elektirod ɗin da ke ƙeya, sun kumbura suna rawa. Ban taɓa gajiya da kallon wannan ba.

A 2009 wasu masu bincike a Faransa da wasu a Amurka sun nuna cewa inda zagayen kaɗawar yake a lokacin da hasken ya faɗo yana da hannu a ganinsa ko rashin ganinsa. Ni ƙarfinta na bi, don ya fi sauƙin aunawa. Sakamako ya fito tsaf: duk lokacin da alfa ta yi ƙasa gab da walƙawar, mutane sun fi cewa sun gani. Har na rubuta a takarda cewa raguwar alfa tana kaifafa gani.

Da na kai wa malamina, kallo ɗaya ya yi wa jadawalin ya ce, "Ka duba na wofin?"

Na ce, "Malam, ai babu komai a cikinsu."

Ya ce, "Shi ya sa."

Na wofin su ne karon da allo ba ya nuna komai, amma a tambayi mutum ko ya gani. Shi ya tilasta a saka su tun farko, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne, mutane na zaune jel na bushewa a kansu. Da na raba su bisa ƙarfin alfa sai jikina ya yi sanyi. A nan ma, in alfa ta yi ƙasa, "na gani" ta ƙaru. Babu haske, amma sun gani. Akwai wanda ya fito yana ba ni labarin yadda ɗigon yake ɗan karkata hagu da tsakiyar allo, da na duba kuwa rabin abin da yake nufi wofi ne. Ba ƙarya yake yi ba.

Ƙwayoyin jijiyar gani ba sa yin shiru ko a cikin duhu, kullum suna ɗan harba sigina. Tun a 1956 Horace Barlow ya yi bayanin cewa wannan hayaniya ta cikin gida ce take iyakance ƙarancin hasken da ido zai iya tantancewa. Raguwar alfa alama ce ta cewa sashen gani ya zama mai saurin kamawa, to amma yana ɗaga siginar da hayaniyar tare ne, kamar ka ƙure muryar rediyon da tasharsa ba ta kama sosai ba. Iya bambance haske da wofi bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne saurin yarda cewa an ga wani abu. Abin da ya ƙara mini haushi, daga baya na iske an riga an buga irin wannan sakamako a 2016 da 2017.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Allo mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana iya jinkirta walƙawar da milisakan 16 da wani abu, sai ka manna masa na'urar gane haske ka san lokacin gaskiya. Tace siginar ba da lura ba yana jawo martanin bayan haske ya malalo zuwa gabansa. Gyangyaɗi ma yana ɗaga alfa in zama ya yi tsawo.

Amma na wofin nan, ka saka su da yawa, fiye da yadda ranka yake so. "Na gani" ta ƙarya ba ta cika yawa ba, in karon kaɗan ne ba za ka sami abin lissafawa ba. Yanzu ba na tambayar mutum ko ya gani kawai. Nakan nuna masa zane mai karkata, ya faɗi dama ya karkata ko hagu, sannan ya faɗi yadda ya tabbata da amsarsa. A zagayen gwajin da muke ciki, daidaiton amsa ya ƙi bin alfa, tabbacin ne yake hawa da sauka da ita.