Tsagar da na rufe da ruwa a cikinta

A watan Mayun bara, a bakin wani ƙaramin tafki kusa da garin Kilamont na jihar Fulorida, allon zamiyata na silalom, wato wasan zamiya a kan ruwa da jirgi ke jan mutum da igiya, ya suɓuce daga hannuna ya bugi kan wani noti da ya turo daga jikin katakon da jirgi ke tsayawa. Allo ne mai tsawon inci 67 da na saya na hannu a kan dala 700 bayan na shafe watanni ina tara kuɗinsa, domin sabon irinsa ya haura dala 2,000. Da na ɗago shi na ga gefensa ya ɓantare kamar faɗin farcen babban yatsa, kimanin taƙi guda a gaban takalmin gaba da ke ɗaure a jikin allon, kuma wata siririyar tsaga kamar silin gashi ta fita daga wurin ta nufi tsakiya. Na shafa da yatsa, na yanke hukuncin cewa ƙujewa ce ta sama kawai, na koma cikin ruwa na yi zagaye uku a ranar, washegari na ƙara biyu.

Da yammacin rana ta biyu na zauna a gareji na goge wurin da tawul, na shafe shi da asiton, wani ruwan sinadari na goge maiƙo, na dama gam ɗin ifoksi mai kamawa cikin minti biyar, na cike ramin, na bi shi da samfefa har ya yi sumul. Aikin gaba ɗaya bai ci minti arba'in ba, kuma idan mutum ya kalle shi ba zai ga aibu ba. A cikin minti arba'in ɗin nan ban ƙwanƙwasa allon na ji muryarsa ba, ban ba shi ko kwana ɗaya ya bushe ba, ban kuma tambayi kaina ina ruwan zagaye biyar ya shiga ba. Har yau idan na tuna wannan yammacin raina yana ɓaci.

Allon silalom na zamani soso ne mai tauri a ciki, an lulluɓe shi da fata siririya ta zaren kabon da aka jiƙa da ifoksi, kuma duk ƙarfinsa ya dogara ne ga yadda fatar ta manne da soson. A rukunin shekaruna jirgi yana tafiyar kilomita 55 a awa, ƙwallayen alama shida da ake kewayawa suna nesa da tsakiyar layin jirgi da mita 11.5, ni kuwa a lokacin na fara gwada igiyar ja mai tsawon mita 14.25. A kowace kwana allon yana lanƙwasawa ya dawo, yana ɗauke da nauyina da jan igiya. Duk inda fata ta saki soso, ko da kaɗan ne, wannan lanƙwasawar tana buɗe shi a hankali, ruwa kuma yana bin ƙofar. Na san wannan a ka tun kafin ranar, amma da yake ramin ƙarami ne a ido, ban haɗa shi da abin da na sani ba.

Mako uku bayan haka na bar allon a bayan mota daga azahar zuwa la'asar, a zafin watan Yuni, lokacin da cikin mota a rufe kan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Da na fito da shi na ga bororo ya taso a gefen gyaran da na yi, faɗinsa ya kai tafin hannu. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa a kwanakin baya allon yake nutsewa yana cije ruwa idan na yi kwana ta gefen hagu, har sau biyu ya jefar da ni ta gaba, ina ta ɗora laifin a kan tsayuwata.

Na kai shi wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran jiragen faiba a yankin. Bai ce komai ba da farko. Ya ciro sulalla daga aljihu ya fara ƙwanƙwasa allon tun daga hanci, yana tafiya kaɗan-kaɗan. Inda yake lafiya ƙarar tana fita tsaf kamar an buga tangaran, amma da ya iso kusa da gyarana sai ta koma dusashe kamar an buga kwali. Duk inda muryar ta canja sai ya ɗiga alama da fensir, kuma da ya gama haɗa ɗigon, zanen ya wuce bororon da ake gani da kusan yatsu biyu ta kowane gefe. Daga nan ya huda tsakiyar da siririn bakin injin huda, ya danna da babban yatsa, ruwa mai launin shayi ya tsatso. Ya ce bugun notin ne ya raba fata da soso tun ranar farko, zagaye biyar suka cika wurin da ruwa, gam ɗina ya toshe mafita, zafin mota ya ƙarasa sauran.

A wurinsa na koyi raba ɓarna gida-gida kafin a ɗauki wani kayan aiki. Karcen da farce ba ya maƙalewa a cikinsa na fenti ne, ana iya barinsa ko a goge shi da samfefa mai laushi. Ramin da ya kai ga baƙin zare ko ya nuna soso yana bukatar a fitar da allon daga ruwa nan take. Wurin da ya dusashe a ƙarƙashin sulalla rabuwa ce, ko da samansa yana sheƙi. Tsagar da ta ratsa faɗin allo a kusa da takalmi kuwa, ya ce kada in kawo masa, domin allon da ya karye a tsakiyar kwana yana iya tafiya da idon sawu.

Da daddare na kira yayana a Kano, wanda ya shekara fiye da 20 yana gyaran jikin mota, kuma a garejinsa na tashi. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Haba ƙanena, sau nawa ka ji na hana yara shafa fila a kan tsatsa?" Na ce, "Wallahi Yaya, ban kawo cewa abu ɗaya ne ba." Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini a rai, domin ƙa'idar da na taka a Amurka tun ina ɗan shekara 12 na san ta.

Gyara na biyu ya ci mako shida, kuma mafi yawansa jira ne. Na kwance takalman, na auna ƙarfen da ke ƙarƙashin wutsiyar allon da ma'aunin kalifa na rubuta lambobin kafin in taɓa shi, na kankare tsohon gam ɗin gaba ɗaya, na yi ƙananan huji takwas a cikin zanen fensir ɗin. Na jingine allon a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, saboda damshin Fulorida a damina ba ya barin komai ya bushe a waje, na kunna masa fanka dare da rana. Kowace safiya ina ɗora shi a sikelin kicin in rubuta nauyinsa. Sai a kwana na goma sha ɗaya nauyin ya daina raguwa, na ƙara masa kwana uku don zuciyata ta kwanta. Wannan karon na yi amfani da ifoksin jiragen ruwa mai kamawa a hankali, kashi biyar na ruwan gam da kashi ɗaya na mai daskarar da shi. Na ɗura shi da sirinji ta huji ɗaya har ya ɓullo ta sauran, na shimfiɗa leda, na matse da katako mai roba a fuska, na bar shi kwana biyu. A kan ɓantararren gefen na ɗora ƙyallen kabon falle biyu.

Wurin da dattijon ya fi ja mini kunne shi ne leɓen allon, wato ɗan karkacen da ke tsakanin ƙasa da gefe. Siffarsa ce ke yanke yadda allo ke zama a ruwa da yadda yake kwana, kuma abin da samfefa ta ci a can ba ya dawowa. Na yanko siffar leɓen ɗaya gefen a jikin kati mai kauri, na manna salatif a kewayen gyaran, na naɗa samfefar a ɗan katako, na fara da lamba 220, na bi da 400 da 600, na ƙare da 1000 da ruwa, ina gwada katin bayan kowace shafa kaɗan.

Allon ya koma ruwa a farkon Agusta, kuma ya daina cije ruwa ta hagu. Amma ban samu dukan abin da na rasa ba. Wurin gyaran ya fi sauran jikin tauri, ina jin haka a ƙafata, kuma rabin lokacin wasan shekarar ya wuce ina kallon fanka. Da a ranar farko na fito daga ruwa, na ƙwanƙwasa, na shanya shi mako guda, da gyaran bai wuce faɗin farce ba. Yanzu duk wanda na ga allonsa ya bugu a bakin tafki, ina roƙonsa kada ya sake sa shi a ruwa sai ya saurare shi da sulalla, kuma kada ya kusanci gam mai minti biyar.

Akwai wuri ɗaya kamar girman ƙwayar gyaɗa, kusa da kusar takalmin gaba, da har yanzu muryarsa ba ta gama gamsar da ni ba. Na kewaye shi da alƙalami marar gogewa, ina ƙwanƙwasa shi kowace Asabar kafin in shiga ruwa, kuma na riga na gaya wa mai jan jirginmu cewa ranar da dusashewar ta tsallake layin, allon ya gama aiki.