Jigilar kaya tsakanin Gadarif da Gallabat

Daga Gadarif, a gabashin Sudan, zuwa Gallabat da ke bakin iyaka kusan kilomita 155 ne, kwalta ce, babbar mota da lodi kan cinye ta a rabin yini. Da an haye gada an shiga Metema, ƙasar Habasha. Amma mai ƙaramin kamfanin jigila ba da nisan hanya yake yanka kuɗin mota ba. Abin da yake fara tambaya shi ne ko jami'an ɓangarorin biyu suna ɗaga wa juna waya a wannan makon.

Tushen rigimar da ke tsakanin Sudan da Habasha shi ne Fashaga, ƙasar noman riɗi da dawa a bakin iyaka da yarjejeniyar 1902 tsakanin Birtaniya da Habasha ta bar baya da ƙura a kanta. Sojojin Sudan sun shige ta a ƙarshen 2020, lokacin yaƙin Tigray a arewacin Habasha. A Yunin 2022, bayan kashe sojojin Sudan bakwai, aka rufe mashigar Gallabat, ba a buɗe ba sai a watan Yuli. Wanda ya yi lodin albasa a wannan tsakanin, ruɓa ta yi a cikin buhu. Mai sabulu kuwa kuɗin kwanan mota kawai ya ci shi. Shi ya sa kayan gwari ba a ɗora su sai dillalin da ke bakin iyaka ya tabbatar da asuba cewa ƙofa a buɗe take.

Takardu su ne inda sabon shiga ke faɗuwa. Adadin buhunan da ke takardar kaya dole ya zo daidai da na jamarik, wato kwastan, ko buhu biyu ne suka ƙaru a riƙe motar gaba ɗaya. Sai kwanan wata: kalandar Habasha tana bayan ta miladiyya da shekara 7 zuwa 8, kuma suna fara ƙirga awa daga fitowar rana. Idan ɗan kasuwar Metema ya ce ƙarfe 2, ƙarfe 8 na safe yake nufi a ƙirgar da aka saba, wato 7 a agogonmu na Sudan, tunda Habasha tana gabanmu da awa ɗaya. Direbobi da yawa sun kwana a bakin shinge saboda wannan.

'Yan shifta, masu fashi da garkuwa da mutane, ba su cika tare kwalta ba. Hanyoyin gona suke bi, musamman da kaka, sa'ad da riɗi ya nuna kuma 'yan ƙwadago suka cika dajin. Su yi ɓarna a nan, su tsallaka can. Idan hukumomin Gadarif da na yankin Amhara na Habasha suna zama tare, akan bi sawu a dawo da shanu ko tarakta. In sun yi hannun riga, sai dai a tara kuɗin fansa.

Don haka ba a tafiyar dare, ba a yanke ta gona ko da damina ba ta jiƙa baƙar lakar nan ba, kuma direba ba ya yawo da tsabar kuɗi: Bankak, manhajar banki ta waya, ya ishe shi a ɓangarenmu, birr kuwa, kuɗin Habasha, dillali ne ke canzawa a bakin gada.