Abin da zan bar wa ƙannena a sashen gashin ƙashi

Ƙarshen watan nan zan bar sashen, kuma ƙannen da suka shigo bayana sun ce in rubuta musu wani abu a kan ciwon wuya, tunda shi ya fi cika mana benci.

Kun san tsarin shugabanmu. Duk wanda ya ce wuya, a haska masa fitilar zafi, a murza shi, a ɗaura masa kwala mai tallafe wuya, a ba shi ranar dawowa. A wani watan Maris, ana tsakiyar zafi, aka turo mana wani saurayi ɗan dako, wai kaya ne suka ƙage masa wuya. Ina taɓa shi na ji jiki zafi rau. Kansa na sarawa, ya yi amai a hanya, yana kare ido daga hasken taga, haɓarsa kuma ta ƙi kaiwa ƙirji. Na ce, "Yallaɓai, wannan ba namu ba ne, ina tsoron sanƙarau." A gaban ɗalibai ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa aiki, in kwantar da yaro in gasa shi. Na ƙi. Na tura kekensa da kaina zuwa sashen gaggawa. Aka ɗebi ruwan bayansa, sanƙarau ne. Ya rayu, amma kunnensa ɗaya ya daina ji.

Ladan da na samu takardar tuhuma ce, wai na tsallake na gaba da ni, kuma da ita aka riƙe min ƙarin girma. Abin da ke ci min rai har gobe, mutumin nan yana bakin aiki a 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, ya kuma ga ɓarkewar cutar a Zamfara da Sakkwato a 2017. Ya san alamomin sarai. Girman kai ne ya hana shi duba yaron, kuma bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Don haka wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi, musamman daga hunturu zuwa bazara, kada ku jira sa hannun kowa.

Sauran ba su da tsawo. Ƙasusuwa 7 ne ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5, shi ya sa tela da mai sunkuyawa kan waya ba sa rabuwa da mu. Ku gyara musu zama kafin ku kunna fitila. Yawancin irin wannan ciwon yana lafawa cikin makonni idan ana motsa wuyan. Kwala idan ta daɗe tana raunana naman wuya. Diclofenac, maganin ciwon nan da ake saya a kemis ana sha kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Dattijon da hannunsa ke mutuwa, cokali na faɗuwa daga yatsunsa, tafiyarsa ta fara tangaɗi, hoton MRI yake buƙata da likitan laka. Wanda ya faɗo daga babur kuwa, ku roƙi danginsa kada mai ɗori ya murɗa wuyan kafin a yi hoto.

Ma'aunin zafin jikin da na saya da kuɗina na bar muku shi, ku auna kowa kafin ya hau gado, ko Yallaɓai yana kallo.