Fentin Hoda da Bindigar Feshi: Yadda Obin Ya Cinye Min Aikin Kwana Uku

Kawunan fatsa arba'in da biyu, wato dunƙulen ƙarfen da ake zubawa a jikin ƙugiyar kamun kifi, na jera a obin don in gasa fentinsu, kowanne da launi uku, fari a ciki, tsanwa a gefe, baƙi a baya. Bayan minti goma na leƙa ta gilashi, sai na ga ƙugiyoyi rataye tsirara a kan waya, ƙarfen kuma ya ɗige ƙasa ya kwanta a faranti tamkar kitse. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don ba feshin ne ya ba ni kunya ba, feshin ya yi kyau fiye da duk wanda na taɓa yi. Ƙarfen da na zuba kawunan da shi ne ban tantance ba.

Ashe ba dalma ba ce. Gaurayen ƙarfen bismut da kuza ne, irin wanda ake yi wa masu kamun kifi a ruwan da aka hana amfani da dalma. Dalma ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 327 a ma'aunin Salsiyas, kuza 232, bismut 271. Amma da zarar an haɗa bismut kashi 58 da kuza kashi 42, gaurayen yana narkewa a 138 kacal, ƙasa da kowannensu. Fentin hoda kuwa, wato busasshen garin fenti da ke narkewa ya manne a jikin ƙarfe mai zafi, ana gasa shi ne a wajen 175 na tsawon minti 15 zuwa 20. Lissafin a fili yake, ni ne dai ban yi shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne alamun duk sun bayyana tun wuri. Kawunan da suka fito daga mazubi sun fi na dalma haske, kuma wanda ya kamata ya kai giram 14 bai wuce 11 ba a sikeli, domin dalma ta fi wannan gauraye nauyi sosai. Da na karya bakin zubin, wato ragowar ƙarfen da ke maƙale da kan, da filaya, ɓallewa ya yi ƙas maimakon ya lanƙwashe. Har ma lokacin ɗumama kawunan kafin feshi, kai biyu sun yi laushi suka fara juyawa a jikin ƙugiya, na ce ai na daɗe ne a kan wuta, na jefar da su na ci gaba. Gwajin da zai cece ni bai kai minti ɗaya ba: dalma farce yana iya kartarta, kuma in ka goga ta a farar takarda tana barin layi mai ruwan toka.

To, batun feshin kansa. Bindigar feshin fentin ruwa, mai baki rabin milimita ko ƙasa da haka, ba ta yin wannan aiki, toshewa take yi nan take. Ƙaramar bindigar feshin yashi ake amfani da ita, irin su Badger 260, wadda ke zuƙo hoda daga kwalbar da ke ƙasanta. Na fara da matsin iska na psi 25 kamar yadda na saba da fentin ruwa, sai hodar ta tashi kamar hayaƙi, kuma iskar ta sanyaya ƙarfen kafin wani abu ya manne. Sai da na sauko zuwa tsakanin 8 da 10 sannan ta fara fita a hankali, kamar ƙurar da ke sauka. Tazarar da ta yi min daidai kusan santimita 10 zuwa 15 ce. In ka matso, launin ya taru wuri ɗaya ya yi tudu. In ka ja baya da yawa, ya watsu ya ɓata farin launin da ke cikin kan.

Laima babbar abokiyar gaba ce. Kwamfiresa tana tara ruwa a tankinta, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya dunƙule hodar, bindigar ta riƙa tofi maimakon feshi. Matatar ruwa biyu na sa, ɗaya a bakin kwamfiresa, ɗaya dab da bindiga. Kwalbar kuma kada ta wuce rabi, kuma a girgiza ta kafin kowane feshi, don hodar da ta kwanta ta danne ba ta hawa bututu. Farar hoda ta fi kowacce wahalar tashi saboda ta fi nauyi, shi ya sa na daina fesa ta. Tsoma kan nake yi a cikin farin sau ɗaya, tsomi mai sauri, in kaɗe, sannan in fesa sauran launuka a kai.

Tsarin da nake bi ke nan. In goge bakin zubi da magagari, in wanke kan da asiton, ruwan da ke cire maiƙo, daga nan ba na sake taɓa shi da hannu don maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. In riƙe kan ta kafar ƙugiya, inda ake ɗaura zare, da filaya mai siririn baki, yadda filayar za ta rufe kafar hoda ba za ta shiga ba. Kai mai giram 14 na dalma yana buƙatar wajen daƙiƙa 10 zuwa 12 a gaban na'urar hura zafi, ana juya shi. In hodar ta yi sheƙi cikin daƙiƙa biyu ko uku, zafin ya yi. In ta tsaya gari-gari, a mayar da shi gaban zafin kaɗan. In ta yi hayaƙi ko ƙuraje, an wuce gona da iri. Launi mai haske ake fara fesawa, mai duhu a ƙarshe, kuma tsakanin kowane launi a sake ɗumamawa na daƙiƙa uku ko huɗu kawai.

A nan ne ma bindigar ta yaudare ni. Da yake feshi siriri ne, hodar tana mannewa ko da zafin bai kai na gashi ba, don haka kawunan bismut ɗin suka jure ɗumamawar ba tare da sun tona kansu sosai ba. Da a ce na gasa guda ɗaya tak tun ranar farko, da asarar ta tsaya a kai ɗaya. Ni kuwa na tara su duka don in gasa lokaci guda, wai ina tattalin wuta.

Cokulan yaudarar kifi da faifan juyawa na tagulla ba su da wannan haɗari, amma suna da nasu: siraran ne, zafi yana barinsu cikin 'yan daƙiƙu. Ina ɗora su a kan farantin ƙarfe mai kauri da aka riga aka ɗumama, in yi feshin a nan. Zanen ɓawon kifi kuwa da ragar ƙarfe ake yin sa, a riƙe ta sama kaɗan ba tare da ta taɓa fentin ba. Ragar roba narkewa take yi ta manne.

Kafin gashi a duba kafar kowace ƙugiya, a huda fentin da ya shiga da allura mai zafi, domin bayan gashi ya zama kamar dutse. Idanun roba masu mannewa sai bayan an gasa ake sa su. A rataye kawunan yadda ba za su taɓa juna ba, kuma in aka ga fenti ya ɗigo ya yi tsini a ƙasan kai, shafin ne ya yi kauri. Lambar da ke jikin maɓallin ƙaramin obin ba abin dogaro ba ce, nawa yana haura abin da aka saita da fiye da digiri 20 a farkon kunnawa, don haka na sa ma'aunin zafi a ciki, kuma ina barin sa ya daidaita na minti goma kafin in saka komai. Obin da ya ga dalma ba ya komawa kicin, kuma takunkumin hanci mai tace ƙura dole ne, don kusan rabin hodar a iska take tafiya. Ina feshi a cikin kwali mai buɗaɗɗen gaba.

Ƙarfen da ya narke na kankare shi daga farantin, na sake zuba shi, ƙugiyoyin ma yawancinsu sun sake amfani bayan na goge su. Waɗannan kawunan yanzu fentin ruwa nake fesa musu, in rufe da ifoksi, wato gam mai haɗi biyu, ba sa kusantar obin. Gwangwaninsu daban yake, na rubuta 138 da jan fenti a murfin, kuma duk ƙarfen da ya shigo hannuna sai na zuba kai ɗaya na gasa shi shi kaɗai na minti 20 kafin in buɗe kwalbar hoda.